Yadda na kwance notin fulin karanshaf da ya kafe

Motar Honda Accord ce mai injin V6, cikin jerin injunan da ake kira J, abin da ya kawo ta kuma canjin taimin bel ne (bel mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawul da tafiyar fistin) da famfon ruwa. A wannan injin ba ka isa wurin bel ɗin sai murfin ƙasa ya fita, murfin ƙasa ba ya fita sai an cire fulin karanshaf, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke hawa a bakin sandar da fistin ke juyawa, shi kuwa fulin noti ɗaya tak ne ke riƙe da shi a tsakiya, mai kan milimita 19. Sauran aikin duk na bin jeri ne da natsuwa. Wannan notin ne kan tsayar da makaniki cak, har ya fara zargin ko walda aka yi masa.

Shirin farko ba wuya. Na cire wayar batir ta negatif, na sa wa tayoyin baya weji, na sassauta notocin tayar gaba ta dama tun motar na ƙasa, sannan na ɗaga ta na ɗora a kan ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai bai isa a nan ba, domin ƙarfin da za a sa yana girgiza motar gaba ɗayanta. Na cire tayar, na cire robar da ke kare cikin mazauninta, na sauke bel ɗin waje mai juya altaneta da kwamfaresar AC, na tsaya a nan. Mauntin ɗin inji na wannan gefen, wato abin da ke riƙe inji a jikin mota, dole ya fita kafin a zare taimin bel, amma ban taɓa shi ba tukuna, kuma shawarata ga kowa ita ce a bar shi sai notin ya saki. Injin da ke reto a kan jak da katako ba zai tsaya maka ka danna shi yadda ake bukata ba.

Taurin notin ba aibu ba ne, haka aka tsara shi. Shi ne ke matse fuli da giyar taimin a bakin karanshaf, kuma duk bugun da fistin ke yi sai ya ratsa ta nan. Ɗan ki, wato guntun ƙarfen da ke zaune cikin tsagar karanshaf, aikinsa saita wuri ne, ba ɗaukar nauyi ba. In notin ya yi sako-sako, ki ɗin ne zai yi ta dukan tsagar har ya cinye ta, daga nan magana ta koma ta sabon karanshaf. Shi ya sa littafin gyaran tsofaffin injunan J ya ce a ɗaure shi da Nm 245 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), na baya-bayan nan kuma Nm 64 sannan a ƙara juyin digiri 60. Notin tayar wannan motar Nm 108 ne kawai, ka ga tazarar. Na Toyota ma ba baya ba: injin 1MZ-FE mai silinda shida notinsa mai kan milimita 22 ne, ana ɗaure shi da Nm 215. Wannan fa lissafin ɗaurewa ke nan, noti na tsaf da mai a jikinsa. Bayan shekaru na zafi da hucewa, man ya ƙone ya bushe, tsatsa ta ɗan kutsa ƙarƙashin wosha, ƙarfin da zai kwance shi yakan wuce wancan nesa ba kusa ba. In kuma wanda ya yi aikin baya da bindigar iska mai bugun noti ya ɗaure, ko ya zuba wa tiredin, wato zaren jikin notin, jan gam, sai abin ya ƙara gaba.

Yana da kyau a san inda riƙon yake. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne kusan rabin ƙarfin ɗaure noti yana ƙarewa a gogayyar ƙarƙashin kansa, kashi 40 cikin 100 a tiredi, kashi 10 kacal ne ke miƙar da notin ya matse abin da aka ɗaure. Tiredin wannan notin yana can cikin karanshaf, bayan wosha mai kauri da ta like daram. Man fesawa mai cin tsatsa ba shi da hanyar da zai bi ya isa can. Na fesa a gefen woshar duk da haka, tunda ba ya ɓata komai in an goge daga baya, amma ban sa rai da shi ba.

Da bindigar iska na fara, mai bakin rabin inci, da baƙin soket mai kusurwa shida. Ta yi ta bugu, noti ko gezau. A nan ne ake saurin cewa bindiga ba ta da ƙarfi, alhali sau da yawa ƙarfin yana nan, a hanya yake zubewa kafin ya kai ga notin. Irin wannan bindigar tana son matsin iska na psi 90 a bakinta lokacin da take aiki, ba a agogon tanki ba. Dogon siririn tiyo da ƙananan mahaɗai suna shaƙe iskar: agogo na nuna maka 120, kana danna kunama matsin da ke isa bindiga ya faɗi warwas. Na canza tiyon da gajere mai faɗin ciki, na jira tanki ya cika, na cire sandar ƙari na sa soket kai tsaye a bakin bindiga. Duk sandar ƙari murɗewa take yi ta dawo a kowane bugu, ta shanye rabonta. Soket ɗin da bakinsa ya buɗe yana wasa shi ma haka. Karanshaf kansa ba a tsaye yake ba, yana ɗan bin kowane bugu.

Saboda wannan ne aka ƙera soket mai nauyi musamman domin notin fuli. Bangonsa mai kauri ne ƙwarai, nauyinsa ya ninka na soket na yau da kullum, ba ya murɗewa, kuma nauyin nasa yana tara bugun ya sauke shi gaba ɗaya a kan notin. Bindigar da ta kasa da soket na kullum takan kwance noti cikin 'yan daƙiƙu da shi, kuma duk mai yawan aikin Honda ya kamata ya ajiye na milimita 19. A wannan motar ko da shi bai motsa ba. Ƙa'idata ita ce bugun daƙiƙa biyar zuwa goma, a tsaya a duba. Na ɗiga fenti a kan notin da jikin fuli don in ga ko ya gusa ko da gashi ɗaya ne. Tunda alamar ba ta rabu ba, na ajiye bindiga. Nacewa da ita ba abin da take ƙarawa sai cin kusurwoyin kan notin, kuma su ne jarin da ya rage maka.

Da aka koma ga hannu, tambaya ta zama wata: me zai riƙe karanshaf? Motar otomatik ce, sa ta a P kuwa ba ya riƙe inji ko kaɗan. P giya take kullewa da tayoyi, tsakanin inji da giya kuma mai ne ke isar da juyi, inji zai yi ta juyawa abinsa. A mota mai kuloci ana sa giya mafi sama, ta biyar ko ta shida, wani ya taka birki da ƙarfi. Giyar sama ake so domin ita ke ba birki rinjaye a kan inji, ta ɗaya kuwa akasin haka take yi. Wannan dabarar tana ci ga notin da bai kai haka tauri ba. Ga irin wannan, sifirin ɗin faifan kuloci da shaf da mauntin duk sai sun murɗe tukuna, hannunka ya kai ƙasa noti bai ji komai ba, wani lokaci ma kulocin ya zame.

Akwai masu cire kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ko ɗan murfin ƙasan giya, su tokare haƙoran filawil, babban faifan da ke ɗaure a ɗaya bakin karanshaf ta wajen giya. In da ƙarfen da aka ƙera domin haka ne, mai kama haƙora da yawa kuma a ɗaure shi da noti a jikin inji, hanya ce mai kyau, a wasu motocin ma ita littafi ya faɗa. In da sukuddireba ne, haƙori ɗaya ke ɗaukar nauyin duka, sai ko dai ya ɓalle ko gidan giya na alminiyam ya tsage. A otomatik abin ya fi muni, domin faifan da ke wurin siriri ne, yana lanƙwashewa.

Akwai kuma dabarar igiya: a cire fulogi, a zura igiyar nailan cikin silinda, fistin ya taso ya matse ta da kan inji ya tsaya. Sharaɗinta bawul duka su kasance a rufe. Tunda kwancewa baya take juya karanshaf, fistin ana so ya ɗan wuce ƙololuwar matsi ya fara sauka, a zura igiyar, a juyo baya har ta cije. In aka kuskure zagaye, igiyar ta taso da bawul a buɗe, an lanƙwasa shi. Ko an dace ma, nauyin duka yana kan kwanrod ɗaya, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Ni ba na yin ta a kan notin da ɗaurinsa ya haura Nm 200.

Abu biyu kuwa ba na kusantarsu sam. Na farko naɗe fuli da sarƙa ko tsohon bel a riƙe shi ta waje. Fulin karanshaf ba ƙarfe ɗaya ba ne, biyu ne, cibiya da zoben waje, da roba a tsakaninsu mai shanye karkarwar karanshaf. Ka riƙe zoben, noti kuma yana jan cibiyar, robar ce za ta yage ko ta zame. Da zarar ta zame, alamar taimin da ke kan zoben ta zama ƙarya, fuli kuma zai fara rawa daga baya. Na biyu riƙe kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da nufin taimin bel ya tsayar da karanshaf. Haƙoran bel na roba ne, za su tsallake ko su guntule, a wannan injin kuma bawul da fistin wuri ɗaya suke shiga, taimin ne kaɗai ke hana su karo.

Hanyar da ta dace fulin kansa ya nuna ta. A tsakiyar fulin Honda akwai rami mai kusurwa shida na milimita 50, kuma akwai mariƙin da ke shiga cikinsa cif, mai huda a tsakiya inda soket zai wuce, da gurbin sa dogon hannu a gefe. Shi cibiyar yake kamawa, roba ba ruwanta. Toyota tata hanyar daban: yawancin fulinta suna da ramuka biyu masu tiredin milimita 8 a cibiya, a ɗaura doguwar faffaɗar sandar ƙarfe da notoci biyu masu ƙarfi. A can abin kula shi ne tsawon notocin, in sun zarce sai su tokari murfin da ke bayan fuli su fasa shi.

Na kankare ramin da burushin waya, domin ba shi da zurfi, kuma ƙasa da tsatsa kan hana mariƙi zama har ƙarshe. Na ɗan buga shi da guduma ya zauna. Sai maganar ɓangare, wadda ke rikita mutane. In ka tsaya a daman mota kana fuskantar fuli, gaban mota yana hannunka na dama. Tiredin notin na kowa da kowa ne, yana kwancewa ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, karanshaf kuma zai so ya bi shi. Saboda haka hannun mariƙi ta hagu na kwantar da shi, wajen bayan mota, bakinsa ya tokare ƙasa a kan katako. Ana iya jingina shi da ƙaƙƙarfan ƙarfen ƙasan mota, amma ba a kan shaf ba, ba a kan bututun birki ko na AC ba. Kafin in sa ƙarfi na juya a hankali har hannun ya cije, babu sauran wasa.

Daga nan sai jeren kayan murɗawa, kuma a nan aikin yake ci ko ya ƙi. Soket baƙi ne mai kusurwa shida. Mai sha biyu a kan tsinin kusurwa yake kamawa, mai ƙyalli kuma fashewa yake yi. Dole sandar ƙari ta fito waje da jikin mota, kimanin santimita 50, don bututu ya sami filin sauka. Na yi amfani da mai bakin inci 3/4, ba ta rabin inci ba, kuma dalilin lissafi ne: in kaurin sanda ya ƙaru da rabi, taurinta ga murɗawa yana ninkuwa kusan sau biyar. Da ta rabin inci za ka ga bututu yana ta sauka kana zaton noti ne ke tafiya, ashe sandar ce ke murɗewa, in ka saki ta dawo da kai inda ka faro. Soket ɗin da ke wucewa ta cikin mariƙi na rabin inci ne, don haka sai an sa ɗan mahaɗi tsakaninsa da sandar. Wannan mahaɗin shi ne mafi rauni a jeren, shi ne yakan karye, saboda haka baƙi na bindiga ake sawa, kuma yana da kyau a ajiye na biyu.

Ƙarshen sandar na waje na ɗora shi a kan wata ƙafar ƙarfe, na daidaita tsayinta da tsakiyar karanshaf, ina ƙara siraran katako har sandar ta kwanta miƙe sak. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi lalata kan noti. In babu abin da ya tallafe sandar, nauyinka ba juya ta kawai yake yi ba, yana danna ta ƙasa, soket ya karkace ya kama rabin kan notin, ya suɓuce da kusurwoyin.

Sai dogon hannu mai bakin inci 3/4, da bututun ƙarfe mai kauri da na zura masa ya kai mita 1.5. Lissafin ba wuya: nauyi a kilo, sau 9.8, sau tsawo a mita. Mutum mai kilo 75 a kan hannu mai santimita 60 yana ba da wajen Nm 440. Shi ɗin dai a ƙarshen bututu mai mita 1.5 yana ba da kusan Nm 1,100. Wannan cikakken adadin yana samuwa ne lokacin da bututun yake kwance daidai da ƙasa, don haka na saita shi ya faro ɗan sama da haka ta hagu, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe goma, yadda in jeren ya gama miƙewa zai zo daidai kwance. Na sa gilashin kare ido, na sa wani ya danna mariƙi da guntun katako don kada ya tofo, hannunsa nesa da wurin. Na kafa ƙafafuna biyu a ƙasa, na kawar da fuska daga saman bututun, na sauke nauyina a hankali. Ba a tsalle a kansa, ba a jijjiga shi. Tsalle ne ke karya mahaɗi, yana kuma iya zame mota daga kan ƙafar ƙarfe. Bututun ya sauka, ya tsaya, na ci gaba da riƙe nauyin a wurin na 'yan daƙiƙu, sai ƙara ta tashi tau, kamar an harba bindiga, bututun ya tafi ƙasa.

Ƙarar sakin noti da ta karyewar ƙarfe iri ɗaya ce, don haka mahaɗi da soket na fara dubawa. Lafiyarsu lau. Alamar fentin kuwa ta rabu. Bayan wannan juyin farko, ƙaramin hannu ya isa, daga baya ma yatsu.

Da wannan bai ci ba, akwai sauran hanyoyi, kowace da farashinta a jikin inji. Wadda aka fi sani ita ce a sa kik ya yi aikin. Ana sa soket da dogon hannu a kan notin, a tokare hannun, a ɗan taɓa makulli, karanshaf ya juya ya bar notin a tsaye. Tana ci, amma sai a injin da ke juyawa yadda hannun agogo ke tafiya in ana kallonsa ta wajen fuli, kamar J da K na Honda da yawancin injuna. Yawancin tsofaffin injunan Honda na jerin D, B, F da H saɓanin haka suke juyawa, notinsu kuma tiredin dama ne, saboda haka a kansu kik ƙara ɗaure notin zai yi. In za a yi ta a injin J, hannun ta dama ake tokare shi, wajen gaban mota, domin ta can juyin zai danna shi ƙasa. Dole a cire fiyus ɗin famfon mai a zare wayoyin kwayil, don in injin ya tashi da ƙarfe a bakinsa abin ba zai yi kyau ba. Taɓawa ce ta ƙiftawar ido, kowa kuma ya matsa nesa. A motar da ake tayarwa da maɓalli ban yarda da ita ba, domin kwamfutar mota ce ke riƙe kik ɗin, ba yatsanka ba. Nauyin kuma yana sauka ne a kan haƙoran kik da na filawil, waɗanda ba don wannan aka yi su ba.

Wuta ma tana aiki, ta hanya biyu. Zafi yana ɗan ƙara wa notin tsawo ya rage matsinsa, yana kuma kashe jan gam, wanda ke saki a wajen digiri 250 na ma'aunin Selshiyos. Matsalar maƙwabtan notin ne: robar fuli tana kewaye da shi, sil ɗin baƙin mai na bayansa, murfin taimin na roba ne. In dole ne, siririn harshen wuta a kan kan notin kaɗai, da jiƙaƙƙen tsumma a kan robar, bayan an goge duk man da aka fesa, abin kashe gobara kuma a kusa. Na'urar da ke zafafa ƙarfe da lantarki ba tare da harshen wuta ba ta fi dacewa da wurin. Notin da ya yi ja ya rasa ƙarfinsa, ba ya komawa, sil ɗin ma canza shi ake yi.

In kuwa kan ya riga ya mulmule, a yi waldar babban noti a kansa, ta cikin hudar. Zafin waldar kansa taimako ne. Batir a cire yake, wayar ƙasa ta injin walda kuma a maƙala ta a jikin notin ko cibiyar fuli, kada wuta ta bi ta cikin metal, wato mazaunan da karanshaf ke juyawa a kai, tana neman hanya. Hanya ta ƙarshe ita ce a cinye kan notin da injin gurza ƙarfe a hankali har woshar ta saki. Da kan ya tafi matsi ya tafi, abin da ya rage a ciki yakan fito da filaya, sai fa in akwai gam.

Ban cire notin gaba ɗaya nan take ba. Na mayar da shi na ɗan ɗaure, na zare fulogai don inji ya yi sauƙi, na juya karanshaf ta dama har farar alamar fuli ta zo daidai da tsinin da ke kan murfin ƙasa, lamba 1 ta fulin kamshaf na gaba ita ma ta zo kan tata alamar. Gaba kawai ake juya inji. Wannan ya fi tsanani a injin da ke da sarƙar taimin maimakon bel, inda juyin baya ke sassauta sarƙar har ta iya tsallake haƙori. Da alamomin suka zauna, na mayar da mariƙi na sake kwance notin ba tare da karanshaf ya gusa ba.

Fulin ya zamo da hannu bayan ɗan girgizawa hagu da dama, kamar yadda na Honda ya saba. Inda ya ƙi, abin jan da ake ɗaurawa a ramukan cibiya ake sawa, ba mai farce uku da ke kama zoben waje ba, kuma ba a bugun gefensa da guduma. Na lura da ɗan ki ɗin kada ya faɗa cikin murfi, da siririn faifan da ke tsare bel a bayan fuli, wanda gefensa mai lanƙwasa waje yake kallo. Robar fulin na duba ta gaba da baya: in ta tsattsage, ko ta kumbura ta fito, ko baƙin mai ya jiƙa ta ta yi laushi, fulin ya gama aiki.

Maganar ki ta kawo wani gargaɗi da ya kamata a sani tun kafin a ɗora soket. Ba kowane inji ke da shi ba. Injunan Duratec na Ford da takwarorinsu na Mazda masu lita 2.0 da 2.3 ba su da ki a karanshaf. Matsin notin ne kaɗai, da woshoshi na musamman masu kaushi, ke riƙe giyar sarƙa a wurinta. Kana sassauta notin taimin ya tafi, ko da sarƙar ba ta motsa daga kan haƙoranta ba. A irinsu sai an kulle kamshaf da faifan saiti, an sa ƙusar saiti a gefen inji ta nuna matsayin karanshaf, an kuma tanadi sabon noti. Waɗannan kayan na saiti ne, ba na riƙe ƙarfi ba, fulin sai an riƙe shi da nasa mariƙin. Dabarar kik a kansu ɓarna ce tsagwaronta.

Bayan bel da famfon ruwa da murfin ƙasa sun koma, na wanke bakin karanshaf, cikin fuli da fuskokinsa biyu har suka bushe ƙayau, domin gogayyar waɗannan fuskokin ce ke riƙe fuli. Ramin tiredi na hura masa iska. Sabon baƙin mai na shafa a wuri biyu kawai, tiredin notin da tsakanin kansa da wosha. Ban sa gam ba, tunda littafin wannan injin mai ya ce, kuma adadin ƙarfin da ya bayar na notin da aka shafa wa mai ne. In aka ɗaure shi a bushe da adadi ɗaya, gogayya ce za ta cinye ƙarfin, matsin ya gaza. Notin na duba shi da kyau: kusurwoyinsa na nan, tiredinsa bai miƙe ba, bai kuma sha wuta ba. Inda littafi ya ce a sa sabo, sabo ake sawa ko da tsohon yana ƙyalli.

Yanzu hannun mariƙi ya koma dama, wajen gaban mota. Na ɗaure da sifanar auna ƙarfi zuwa Nm 64, adadin da littafin wannan shekarar ya bayar. Digiri 60 ba ya bukatar wata na'ura: kan noti kusurwa shida gare shi, daga kusurwa zuwa mai bi mata digiri 60 ne cif. Na sa fenti a kusurwa ɗaya, na sa wani a jikin fuli daidai kusurwar da ke gabanta ta dama, na mayar da sandar ƙari kan ƙafar ƙarfe, na danna bututu har alamomin biyu suka haɗu. Rabin farko na juyin yana tafiya da sauƙi, na ƙarshe sai da nauyin jiki. Bindiga ba ta da wuri a nan, domin ba ta san inda za ta tsaya ba.

Na juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, alamomin taimin suka dawo wurinsu, babu inda ya cije. Na mayar da mauntin, fulogai, bel ɗin waje da wayar batir, na tayar da motar tun taya na cire, na haska fulin da tocila daga nesa. Gefensa ya kamata ya tsaya a layi ɗaya yana juyawa. In yana rawa, a kashe inji a duba ko datti ya shiga bayansa, ko ki bai zauna a tsagarsa ba, ko robar ta zame. Wannan yana tafiya sumul, ƙarƙashin murfin kuma babu ɗigon mai, sai na rufe robar mazaunin taya na mayar da tayar, na ɗaure notocinta da Nm 108.